Jini da Al'ada: Sharhi a kan Littafin Seligman

Littafin C. G. Seligman, *Races of Africa*, ya fito a Ingila a 1930, aka yi ta sake buga shi har zuwa 1966, shekara 26 bayan rasuwar mawallafinsa. Jigonsa ɗaya ne: wai duk wata wayewa da aka tarar a Afirka, kamar tsarin sarauta da ƙira, wasu makiyaya masu hasken fata da ya kira Hamitawa ne suka shigo da ita, suka shimfiɗa wa baƙar fata. A ganinsa al'ada gado ce da ke bin jini.

Babban aibin littafin shi ne cakuɗa abubuwa uku da ba su da tilas da juna, wato ƙirar jiki da harshe da al'ada. Ba za a yi wa Seligman uzuri da zamaninsa ba, domin tun a 1911 Franz Boas ya bayyana a Amurka cewa kowanne daga cikinsu tafarkinsa daban. Har ma ya auna kawunan 'ya'yan baƙin da suka yi ƙaura zuwa New York, ya tarar siffarsu ta ɗan saɓa da ta iyayensu, alhali siffar kai ce masana na lokacin suka ɗauka tabbatacciyar shaidar asali.

Hujjar da ta fi karya wannan ra'ayi kuwa tana nan ƙasar Hausa. A 1912 Carl Meinhof ya sanya Fulfulde cikin harsunan Hamitawa, kuma da wuya a ce shanu da dogon hanci ba su taimaka masa wajen yanke hukuncin ba. Da Joseph Greenberg ya ajiye kamannin masu magana gefe, ya kwatanta kalmomi da nahawu kaɗai, sai rabe-rabensa na 1963 ya nuna Fulfulde 'yar'uwar Wolof da Serer ce. Hausa kuma, harshen mutanen da Seligman ya lissafa cikin baƙar fata, ita ce ke da dangantaka da Larabci da harsunan Buzaye. Lissafi ya juye ke nan.

Duk da haka ra'ayin ya daɗe a makarantunmu, musamman inda ake karanta labarin Bayajida tamkar rahoton isowar baƙin da suka koya wa Hausawa mulki. Sai a 1970 Abdullahi Smith ya nemi tushen sarautun Hausa a cikin gida, a bunƙasar ƙauye zuwa gari, gari zuwa birni.