Halacci ba tare da iko ba: nazari a kan ƙudurin fiƙihu game da gyaran ƙwayoyin gado

A watan Nuwamba na 2013, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta zauna a Riyad, ta fitar da ƙuduri mai lamba 203 a kan ilimin gadon halitta. Ta halatta gyaran ƙwayoyin gado na jikin majinyaci bisa sharuɗɗa: kada cutarwar maganin ta zarce ta cutar, a rinjayar da zaton samun waraka ko sauƙi, kuma a rasa wani magani madadinsa. Ta haramta gyaran da ake yi don ƙawata siffa kawai. Wannan rarrabewa tsakanin neman magani da canza halittar Allah ta tsayu a kan asali mai ƙarfi.

Rauninsa yana bayyana ne idan aka karanta shi a Tsibiri, ko Bakura, ko Maradun. Cutar huhu ta gado da masana suka fi bibiya tun da aka gano ƙwayarta a 1989 ta fi yawa a tsakanin Turawa. Cutar gadon da ke toshe ƙirjin yaro a ƙasar Hausa ita ce sikila, kuma rikicin huhu yana cikin manyan sanadin mutuwar masu ita. An amince da maganin Casgevy a Ingila da Amurka a ƙarshen 2023, a kan kuɗi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Sharuɗɗan ƙudurin sun dubi likita da majinyaci, ba su dubi wanda zai biya ba. Shin samar da irin wannan magani farilla ce ta kifaya a kan al'umma? Mene ne kason baitulmali da waƙafi? Halaccin da manomi ba ya da ikon kaiwa gare shi bai gama hidimar kare rai ba.

Sashen da ya fi amfanar wannan yanki shi ne wanda ya halatta gwaji kafin aure, har ya ba shugaba damar wajabta shi don maslaha. Idan miji da mata duka suna ɗauke da AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Jihar Kano ta mayar da gwajin doka a 2024. Limamin da ke ɗaura aure ya fi kowa kusa da wannan hukunci, kuma a kansa nauyin bayyana shi yake.

Allah ne Mafi sani.