Ali Ya Kayar da Foreman, Kasuwa Ta Kayar da Ali

Ranar Kirsimeti ta shekarar 2001 kamfanin Columbia, wanda ke ƙarƙashin Sony, ya saki fim ɗin Ali a gidajen sinimar Amurka. A ranar farko kaɗai an yanki tikitin kusan dala miliyan 10, masu fim suka fara murmushi. Murmushin bai daɗe ba. Kafin a sauke shi daga allo, abin da ya tara a Amurka bai wuce dala miliyan 58 da 'yan kai ba, da aka haɗa da na sauran duniya kuma ya tsaya wajen miliyan 88. Kuɗin da aka kashe wajen shirya shi ya haura miliyan 100, adadin da aka fi ambata shi ne miliyan 107.

Wanda bai san kasuwar ba zai ce ai giɓin miliyan 20 ne kacal. Lissafin ya fi haka muni. Kusan rabin kuɗin tikiti na masu gidan sinima ne, kuma kuɗin talla a talabijin da jaridu da allunan titi ba ya cikin waccan miliyan 107. Fim irin wannan sai ya ninka kuɗinsa kafin a fara zancen mayar da uwar kuɗi. Tun kafin a kunna kyamara Sony ta hango haɗarin, har sai da darakta Michael Mann da jarumi Will Smith suka amince cewa idan kashe kuɗi ya zarce iyaka daga aljihunsu za a cike.

Abin mamakin shi ne babu abin da fim ɗin ya rasa a takarda. Labarin Muhammad Ali ne, mutumin da a zamaninsa da wuya a sami wanda ya fi shi suna a doron ƙasa. Will Smith ya riga ya cika gidajen sinima da Independence Day a 1996 da Men in Black a 1997, ya kuma shafe kusan shekara yana koyon dambe yana gina jiki don wannan rawa. Michael Mann shi ne ya yi Heat da The Insider. To me ya faru?

Akwai uzurorin da aka saba kawowa, kuma ba ƙarya ba ne. Kwana shida kafin fitowarsa aka saki kashi na farko na The Lord of the Rings, ga Harry Potter na farko yana ta kwasar iyalai tun watan Nuwamba, ga Ocean's Eleven. Fim ɗin Ali yana cin minti 157, kuma an ba shi matakin da yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba, wato an rufe ƙofa ga samarin da suka fi son Will Smith. Sannan ga lokacin kansa. Wata uku da 'yan kwanaki bayan harin 11 ga Satumba, sojojin Amurka suna Afganistan, tutoci a kan kowace mota, aka kawo wa mutane labarin Musulmi baƙar fata da ya ƙi sa kakin soja ya tafi yaƙin Biyetnam. Ali da Will Smith sun tsaya tare a talabijin kwana goma bayan harin, a shirin tara gudummawa, Ali yana nesanta Musulunci daga kisan bayin Allah. Hakan bai sauya yanayin da ƙasar take ciki ba.

Ni dai a ganina duk waɗannan sun taimaka, amma babban dalilin yana cikin fim ɗin. Ranar farko mutane sun zo. Abin da suka faɗa wa 'yan'uwansu bayan sun fito shi ne ya hana na baya zuwa. Sun je neman Rocky, suka tarar da wani abu dabam.

Kwatancen Rocky ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don akwai abin dariya mai ɗaci a ciki. A watan Maris na 1975 wani ɗan dambe da ba a san shi sosai ba, Chuck Wepner, ya jure wa Ali har turmi na 15. Wannan karawa tana cikin abin da ya zaburar da Sylvester Stallone ya rubuta Rocky, wanda aka saki a 1976. An kashe masa abin da bai fi dala miliyan 1 da kaɗan ba, ya tara kusan miliyan 225, ya kuma lashe Oscar na gwarzon fim. Abokin karawar Rocky, Apollo Creed, zakara baƙar fata mai cika baki da barkwanci, kowa ya san inuwar wa aka ara aka yi shi. Wato fim ɗin da ya sa mai kama da Ali a matsayin dutsen da za a hau ya yi arziki, wanda kuma ya sa Ali da kansa a tsakiya ya yi asara.

Dalili kuwa, fim ɗin wasanni yana da girki sananne. A nuna maka talaka da aka raina, a nuna wahalar atisaye da kiɗa mai tayar da tsikar jiki, a kai ka daren ƙarshe, ka fito kana jin kamar kai ka yi nasara. Rocky ma bai ci damben ba, alƙalai sun ba Creed, amma mai kallo ya fita da cikakken ciki. Mann ya ƙi wannan girki da gangan. Ya ɗauki shekara goma kawai, daga Fabrairun 1964 da Cassius Clay ya ƙwace kambun duniya daga Sonny Liston a Miami, zuwa 30 ga Oktoban 1974 da ya sake ƙwato shi daga George Foreman a Kinshasa. Nasarar da wani fim zai ɓoye sai ƙarshe, shi ya ba da ita tun a rabin sa'ar farko. Abin da ya biyo baya rashi ne a kan rashi: rabuwa da Malcolm X, ƙin shiga soja a Afrilun 1967, hukuncin ɗaurin shekara 5 da tarar dala dubu 10, ƙwace kambu, shekara uku da rabi babu dambe a daidai lokacin da ƙarfinsa ke ganiya, shan kaye a hannun Joe Frazier a Maris 1971. Ko hukuncin Kotun Ƙoli da ya wanke shi a Yunin 1971 ba a yi masa ganga da algaita ba. Ta wayar tarho labarin ya iso, aka wuce.

Minti goman farko na fim ɗin su ne mafi kyawunsa, kuma su ne gargaɗin farko ga wanda ya zo neman nishaɗi. Sam Cooke yana waƙa a wani gidan rawa. Clay yana gudun atisaye cikin dare, motar 'yan sanda ta rage gudu a gefensa ana tambayarsa me yake gudu wa. Yaro ƙarami yana ratsa motar bas zuwa kujerun baya da aka ware wa baƙaƙe, idonsa ya faɗa kan hoton Emmett Till a jarida, yaron nan ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955. Mahaifinsa yana zana hoton Annabi Isa da farar fata a bangon coci. Malcolm X yana wa'azi. Duk wannan lokaci mutumin da duniya ta sani da surutu bai ce uffan ba. Sai da ya banko ƙofar ɗakin awon nauyi sannan baki ya buɗe. Mann yana gaya maka cewa surutun riga ce da Ali ke sawa a gaban jama'a, shi kuma wanda ke cikin rigar yake son nuna maka.

Wannan zaɓi yana da farashi, kuma ba zan ɓoye shi don ina son fim ɗin ba. Ali na gaskiya mutum ne mai ban dariya ƙwarai. Duk wanda ya kalli When We Were Kings, fim ɗin tarihi na Leon Gast da ya ci Oscar, ya ga yadda yake juya 'yan jarida kamar waina a tanda. Wannan fim ya fito a 1996, shekara biyar kacal kafin na Mann, don haka mutane suna da ainihin mutumin a idonsu. Will Smith ya kama murya da tafiya da rawar ƙafa, an kuma sa sunansa a takarar Oscar tare da Jon Voight da ya fito a matsayin ɗan jarida Howard Cosell, amma an sa shi yawan shiru da ƙura wa nesa ido. Tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa. Matan Ali, Sonji da Belinda da Veronica, suna shigowa suna fita kamar fasinjojin tasha, Belinda ce kaɗai aka ba wa dama ta faɗi magana mai nauyi. Addininsa ma daga waje aka kalle shi: rikicin shugabanci tsakanin Elijah Muhammad da Malcolm, wa ke riƙe da kuɗi, wa aka dakatar. Fim ɗin ya ƙare a 1974, shekara guda kafin Ali ya bi Warith Deen Mohammed ya bar koyarwar Nation of Islam ya rungumi tafarkin Sunna. Mai kallo Musulmi zai ji wannan giɓi fiye da kowa.

Yanzu ga zancen faifai. Mu da muka tashi da finafinan Kano ba ma ganin kallon gida a matsayin rayuwa ta biyu, tunda a kaset da faifan CD aka haifi masana'antar tamu, a nan ta yi ƙiba, rushewar wannan kasuwa ce kuma ta kora ta YouTube. A Amurka ta wancan lokaci tsarin ya bambanta: sinima ce ke yanke hukunci a makon farko, faifai ya zo daga baya yana share hawaye. Ali ya yi sa'ar fitowa a lokacin da DVD ke kan ganiyarsa. A farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin Hollywood suna samun kuɗi daga kallon gida fiye da abin da tikitin sinima ke kawo musu, kuma a 2003 hayar DVD ta zarce ta kaset a Amurka. Wannan kasuwa ce ta sa kamfani zai iya sake zuba kuɗi a kan fim ɗin da ya riga ya faɗi.

An fitar da shi a DVD a 2002. A 2004 Mann ya fitar da nasa gyaran, wanda ya kai wajen minti 165, ya cire wasu wurare ya ƙara wasu. Da Ali ya rasu a ranar 3 ga Yunin 2016 an mayar da fim ɗin wasu gidajen sinima na ɗan lokaci. A Janairun 2017, watan da Ali zai cika shekara 75 da yana raye, Mann ya sake fitar da gyara na uku a Blu-ray, wannan karon ya fi na sinima gajarta, ya kuma ƙara wa ɓangaren siyasa nauyi, musamman yadda hukumomin leƙen asiri ke bibiyar Ali da mutanensa.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma ni ina riƙe da duka. Darakta da ya yi ta komawa kan fim cikin shekara 15 yana shaida da kansa cewa bai gamsu da abin da ya sayar wa masu tikiti a 2001 ba. Waɗanda suka fito suna gunaguni a ranar Kirsimeti ba jahilai ba ne, an ba su aikin da mai shi ma bai gama yanke shawara a kansa ba. A gefe guda kuma, duk gyaran da ya yi bai taɓa matsawa wajen Rocky ba. Bai ƙara barkwanci ba, bai ƙara kiɗan nasara ba. Kullum ƙara nutsawa yake cikin abin da ya kori mutane tun farko. Ba don kasuwar faifai ba da babu inda zai sami wannan dama, domin sinima ba ta ba mutum turmi na biyu.

Kuma fim ne da ya fi dacewa da ɗaki. A sinima mutum ya biya kuɗin dare guda, yana jiran a biya shi da jin daɗi kafin a kunna fitila. A gida, ko a waya, yana iya tsayarwa, ya koma baya, ya bar shi sai gobe. Wurin da Ali ya haɗu da Malcolm X a Accra a 1964 ya juya masa baya, a kallon farko ɗan gajeren abu ne da ke wucewa. Sai ka san an harbe Malcolm a Fabrairun 1965, ka kuma san Ali ya bayyana nadamarsa kan wannan juya baya a ƙarshen rayuwarsa, sannan wurin ke yin nauyi. Haka damben kansa. Mann da mai ɗaukar hoto Emmanuel Lubezki sun shigar da ƙananan kyamarori har cikin igiya, kusa da haƙarƙari, sun kuma ɗauko 'yan dambe na gaske, irin su James Toney da ya fito a Frazier. A kallo na biyu ne mutum ke lura cewa ana bin karawar kusan naushi bayan naushi yadda ta faru.

Kashin ƙarshe an ɗauke shi ne a Maputo ta Mozambik, saboda Kwango tana cikin yaƙi a lokacin. A nan ne wurin da na fi komawa. Ali yana gudun safiya, yara suna binsa suna kiran sunansa, sai ya bar babban titi ya kutsa cikin unguwar talakawa. A jikin bangaye ya tarar da zanen kansa da hannun mutanen unguwa: ga shi yana naushin tankar yaƙi, ga shi yana kakkaɓo jirgin sama. Muryar Salif Keita na Mali tana tashi a baya. Ali ya rage gudu ya tsaya yana kallo, fuskarsa babu fara'a, kamar wanda aka ɗora wa kayan da bai san ya yi alkawarin ɗauka ba. Daga nan aka wuce filin wasa, inda aka fara damben da ƙarfe 4 na asuba don ya dace da daren masu kallo a Amurka. Ya jingina da igiya yana shan duka turmi bayan turmi har Foreman ya gaji, ya kayar da shi a na takwas, sannan ruwan sama ya kece.