Ƙayar Karaba: Sharhi a Kan Labaran Ɗori Guda Biyu Daga Yamai

Abin da ya jawo wannan sharhi littattafan rubutu ne guda biyu, irin na ƴan makaranta, waɗanda suka zo hannuna ta wajen wani mai sayar da faya-fayen fim. Na saba da shi tun yana da teburi a gefen Ƙaramar Kasuwa ta Yamai, wato Petit Marché, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, kafin gobarar 2012 ta tashi ƴan kasuwar. Littafi ɗaya wata budurwa ce ta rubuta shi, ɗayan kuma wani saurayi, dukansu da Hausar boko, kuma dukansu a kan mace ɗaya, wato Karaba, muguwar da ke cikin fim ɗin zane mai motsi na Kirikou. Babu malamin da ya sa su, babu gasar da suke nema su ci. Sun kalli fim ne tun suna yara, wata tambaya ta tsaya musu a rai, suka ɗauki alƙalami don su amsa ta.

Irin wannan rubutu, inda mai kallo ko mai karatu ke ɗaukar mutanen labarin wani ya ƙaga musu abin da mai labarin bai faɗa ba, ya yawaita a duniya tun da intanet ta bazu. A nan za mu kira shi labarin ɗori, domin ɗora shi ake yi a kan ginin da wani ya riga ya kafa. Wani reshe nasa babba shi ne bin salsalar mugu: daga ina ya fito, me ya same shi har zuciyarsa ta ƙeƙashe. Manyan kamfanoni ma sun ga riba a ciki, gama a 2014 Disney ta fitar da Maleficent, inda ta ba da tarihin muguwar da ke cikin zanenta na 1959, ta sake yin haka da Cruella a 2021.

Ga wanda bai ga fim ɗin ba, Kirikou et la Sorcière ya fito a 1998. Michel Ocelot ne ya shirya shi, Bafaranshe da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, Youssou N'Dour kuma ya yi kiɗan. Yaro ne ya yi magana tun yana ciki, ya haifi kansa, ya tarar da ƙauyensu cikin uƙuba: maɓuɓɓuga ta ƙafe, maza sun ƙare, ana cewa Karaba ta cinye su, gumakanta kuma suna zuwa suna ƙwace zinariyar mata. Tushen labarin na wannan yanki namu ne, domin farkonsa ya yi daidai da tatsuniyar Ize Gani ta Songai da Zabarmawa, wadda Boubou Hama ya rubuta. Amma a tatsuniyar yaron kashe muguwar yake yi, a wuce wurin. Ocelot ya sauya wannan. Ya sa yaron yana ta tambayar dalilin muguntar Karaba, manya suna kau da shi, har ya kai ga kakansa a cikin dutse. Tsohon ya gaya masa cewa wasu maza ne suka danne ta, ɗayansu ya soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kai, kuma daga wannan ƙaya azabarta take, daga gare ta kuma ƙarfinta yake. Ya gaya masa ba ta ci kowa ba, sai a ƙarshen fim aka bayyana cewa ta mai da mazan gumaka ne. Abin da fim ya faɗa game da rayuwarta ta baya ke nan, bai wuce ƴan jimloli ba. Wannan ƴar kafa ita ce marubutanmu biyu suka shiga.

Ya kamata mu lura cewa tambayar Kirikou baƙuwa ce a tatsuniyar Hausa. Wanda ya duba Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya tara, aka buga daga 1911 zuwa 1913, ko Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga Dodo yana tare rafi, Kura tana haɗama, kishiyar uwa tana gallaza wa marainiya, amma mai tatsuniya ba ya tsayawa ya ce ga abin da ya mai da su haka. Halinsu shi ne sunansu. Ko macijin rijiyar Kusugu, da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai rana ɗaya a mako, an ba mu labarin wanda ya sare shi, ba a ba mu nasa ba. Haka Wazirin da ke cikin Magana Jari Ce: kwaɗayin sarauta ya ishe shi dalili. Saboda haka matashin da ya zauna zai rubuta ƙuruciyar mugu da Hausa ba shi da sawun da zai bi a zube, sai ya ara ko ya ƙaga.

Sai dai a waƙa muna da abin auna irin wannan aiki, wato tahamisi. Malami yakan ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, ya zama biyar, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabban Haƙiƙa. Sharaɗin tahamisi sananne ne: mai ƙari ba ya taɓa ɗangon mai waƙa, yana bin karinsa da amsa-amonsa, kuma ƙarin nasa dole ya gangaro ya faɗa cikin ma'anar da ya tarar, har mai sauraro ya kasa gane inda aka yi gami. A ganina da wannan ma'auni ya kamata a auna labarin ɗori, kuma da shi zan auna waɗannan biyu.

Rubutun budurwar shi ne mafi tsawo, kuma shi ne mafi daɗin karatu. Ta fara da Karaba tana ƴar shekara bakwai, uwarta ta rasu, kishiyar uwa ta ɗora mata daka da ɗiban ruwa. Ta girma da kyau, aka ba da ita ga wani tsoho mai dukiya, ta gudu daren da za a kai ta, ƴan'uwan ango suka bi ta daji suka cim mata, a nan aka yi aika-aikar ƙaya. Mai karatu zai gane wannan tsari nan da nan, na littattafan soyayya ne na Kano, waɗanda suka daɗe suna shigowa ta Maraɗi da Damagaram. Ban ga laifin aron ba. Auren dole abu ne da marubuciyar ta sani a unguwarsu, kuma inda ta fi ƙarfi shi ne zancen mata a tsakar gida: habaicin kishiya a bakin turmi, da yadda gwaggo ke lallashi da baki ɗaya tana tsoratarwa da ɗayan. A waɗannan shafuka Hausarta ba ta da makusa, kuma ta fahimci abin da ƙayar take nufi ba tare da ta fito da shi tsirara ba.

Matsalar ta faro ne bayan ƙaya ta shiga. Marubuciyar ta so Karaba har ta kasa barin ta ta yi laifi. Zinariyar da ake ƙwacewa, in ji ta, marayu ake ciyarwa da ita a ɓoye. Mazan da aka mai da gumaka, wai ta yi haka ne don ta tsare su daga wani yaƙi da ta hango. Wannan ya karya sharaɗin tahamisi, domin an goge ɗangon mai waƙa an rubuta wani. A fim mun ga an ƙona bukkar mace saboda ta ɓoye ɗan guntun zinariya, mun ga an aika kwalekwale da itaciya su sace yara. Idan duk wannan alheri ne a ɓoye, to tambayar Kirikou ta zama banza, tunda babu muguntar da za a nemi dalilinta. Akwai tazara tsakanin dalili da uzuri. Dalili yana gaya mana inda wuta ta tashi, amma gidajen da ta ci sun ƙone. Marubuciyar ta ba mu inda ta tashi da kyau, sa'an nan ta ce babu abin da ya ƙone.

Rubutun saurayin gajere ne, kuma da wuya a karanta shi, saboda dalilin da zan ambata a gaba. Amma dabararsa ta fi. Ya ba da labarin ne ta bakin gunkin da ke zaune a kan rufin ɗakin Karaba yana yi mata leƙen hanya. Ya ƙaga cewa wannan gunki, lokacin da yake mutum, yana wurin ranar da aka danne ta. Bai riƙe ta ba, bai soka ba, ya dai tsaya yana kallo, ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Don haka da ta mai da shi gunki sai ta ba shi aikin da ya iya, wato kallo. Daga kan rufi yana ganin bayanta kullum, yana ganin inda ƙayar take, ba shi da bakin da zai faɗa sai abin da ta tambaye shi. Kuma yana ganin samarin da ake kawowa, waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba ranar da abin ya faru, tana mai da su itace ɗaya bayan ɗaya. A nan ba a taɓa ko ɗango ɗaya na fim ba. An bar mata zaluncin da aka yi mata, an bar mata wanda ta yi, an kuma ƙara abin da fim bai faɗa ba amma ya yarda da shi, wato alhakin wanda ya gani ya yi shiru. Abin da ya rage masa armashi shi ne shafin ƙarshe, inda marubucin ya ture gunkin gefe ya hau wa'azi da bakinsa, alhali labarin ya riga ya gama aikinsa.

Akwai wata magana ta harshe da ta raba rubutun biyu, kuma ita ce na fi so masu nazari su duba. Kalmar Faransanci da ke cikin sunan fim ɗin, a bakin jama'a mayya ake fassara ta. Amma maita a wurin Bahaushe abu ne mai iyaka sananniya. An yi imani maye yana da ƙanƙara a ciki, gadonta yake yi ko ya saya, yana kama kurwar mutum ya ci, kuma idan an zarge shi akan tilasta masa ya tsallake marar lafiya don ya saki kurwar. Zabarmawa ma sun ɗauka cewa cerkaw a nono yake shan abinsa. Karaba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta gada ba, ba ta saya ba, ba ta cin kurwa. Matsafiya ko mai sihiri ya fi kusa da ita. Budurwar ta kira ta mayya daga farko har ƙarshe, da bakin mai ba da labari, ba ta lura cewa kalmar tana rushe ginin nata ba: mai karatu Bahaushe da ya ji mayya zai nemi ƙanƙarar a wajen uwa ko kaka, ƙayar kuma ta zama ba ta da aiki. Saurayin, ko da sani ko da sa'a, bai sa kalmar ba sai a bakin mutanen ƙauye. Gunkin da ya san gaskiya matar nan kawai yake ce mata. Da wannan ɗan zaɓi ya nuna cewa maitar zargi ce da ƙauye ya ɗora, kamar yadda zancen cin maza ya zama ƙarya a fim. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da har yanzu kalmar take raba tsohuwa da maƙwabtanta, take hana a auri ƴaƴanta. Wanda ya karanta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, zai tuna yadda maƙiyan sarauniyar Lugu suka yi amfani da irin wannan suna a kanta.

Saura batun rubutu. Budurwar, bisa ga alama, ta bi ta makarantar da ake koyar da Hausa, irin waɗanda aka fara gwadawa a Damagaram a 1973, domin tana sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, tana rubuta ƴ yadda dokar 1999 ta tsara a Nijar. Kurakuranta na raba kalma ne, musamman haɗe wakilin suna da aikatau. Saurayin kuwa da ƙa'idar Faransanci yake rubuta Hausa: ou a maimakon u, tch a maimakon c, dj a maimakon j, babu ƙugiya ko ɗaya, har sai da na karanta wasu jimloli da ƙarfi kafin na gane ko ƙaya yake nufi ko kaya, kuma a labarin da ya rataya a kan ƙaya wannan ba abin wasa ba ne. Wato wanda ya fi iya gina labari shi ne wanda makaranta ba ta ba shi haruffan harshensa ba.

Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, masu tsara yaƙi da jahilci suna ta neman abin da sabon mai karatu zai karanta bayan ya gama aji. Ga mutum biyu sun rubuta da kansu, ba a roƙe su ba, kuma mai faya-fayen ya ce littattafan sun zaga hannuwa da yawa kafin su iso gare ni, abin da lanƙwasar shafukan ta tabbatar. Buga su yadda suke ba zai yiwu ba sai da izinin masu fim, gama Karaba tana da mai ita. Amma dabarar ba ta kowa ba ce. A ƙasar Moustapha Alassane, wanda ya yi zane mai motsi da kwaɗinsa tun 1966 a Bon Voyage Sim, ba a rasa masu zane ba, kuma Dodo da kishiyar uwa da macijin Kusugu suna nan babu wanda ya taɓa tambayar su daga ina suka fito. Na mayar da littattafan biyu ga mai faya-fayen, tare da takardar haruffan Hausa guda ɗaya da na roƙe shi ya ba saurayin.