Fijon Baba da Gwangwanin Feshi

Ina tare da samarin Zuru da suke janyo tsofaffin motocin iyayensu daga gindin mangwaro, su wanke, su nemo batir, su yi ta fama da inji har ya tashi. Inda muka raba hanya da yawancinsu shi ne wajen gamawa. Sai a sayo gwangwanayen fentin feshi, a liƙe gilasai da tsofaffin jaridu, a feshe motar gaba da baya a tsakar gida cikin yini biyu, a ɗauki bidiyo a sa a TikTok. Ranar kam motar tana ɗaukar ido, abokai suna ta sam-barka. Damina ɗaya za ta wuce, ka ga fentin ya fara ƙuraje a gindin ƙofofi, rufin ya dushe, gefen bakin tanki ya yi zane-zane inda fetur ya zuba. Abin da ya fi ɓata mini rai ma ba a ganinsa daga waje, domin ƙarfen da ke ƙarƙashi bai daina ruɓewa ba, an dai hana ido ganinsa.

Galibi Fijo 504 ake yi wa wannan aiki. Akan ga 505, akan ga tsohuwar Marsandi, akwai kuma ragowar a-kori-kura da har yanzu suke ɗauko dawa daga ƙauyuka, amma 504 ita ce motar da kusan kowane dangi yake da labarinta. A Faransa aka fito da ita a 1968, shekara na zagayowa aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, kuma a shekarar ce masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a ƙasar nan. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, mu kuwa muka ci gaba da fitar da ita daga Kaduna har bayan shekarar 2000. Zuru garin sojoji ne, kowa ya san haka, kuma hafsoshi da dama da ita suka dawo gida bayan ritaya. Haka ma shugabannin makarantu da malaman gona da suka samu bashin mota. Ita ta yi shekaru tana sintiri daga Zuru zuwa Rijau da Kontagora, ko daga Dabai ta bi ta Mahuta zuwa Koko, a hanyoyin da ba kowace mota ke jure musu ba. Yanzu an daina ƙera ta. Duk wadda aka sayar wa 'yan jari-bola suka yanyanka suka auna a sikeli, ta tafi ke nan. Shi ya sa yaron da ya hana a sayar da ta gidansu yake da girma a idona, kuma shi ya sa nake so aikinsa ya ɗore.

Ba wauta ce ta kai samarin ga gwangwani ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kuma kayan fentin mota suna ciki. Mai fenti zai faɗi kuɗin aiki dunƙule, wanda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ajiyewa a tashi ɗaya ba. Gwangwani kuwa yau ka sayi biyu, jibi ka ƙara uku. Ba ya buƙatar injin iska, ba ya buƙatar wutar lantarki ko janareta. Ga kuma tsoron da kowa ya sani, na kai mota gareji ta yi watanni ana cewa gobe, har a fara zare mata kaya ana sa wa wata. Wanda ya taɓa ganin haka ba za ka zarge shi ba idan ya ce a gaban idonsa za a yi komai.

Shi kansa gwangwanin ba baƙon abu ba ne. Tun a 1949 Edward Seymour ya fara ɗura fenti a cikinsa a jihar Illinois ta Amurka, kuma yana da aikin da babu kamarsa wajen yi. Sai dai a san abin da ke ciki. Fentin gwangwanin da ya cika shagunanmu bushewa kawai yake yi: ruwan sinadarin da ya narkar da shi ya bi iska, launi ya zauna a kan ƙarfe. To duk abin da ya yi kama da wancan sinadarin zai sake narkar da shi, kuma fetur yana daga ciki. Fentin da ake fesawa da bindiga a gareji daban yake, domin gab da feshi ake zuba masa sinadarin taurarawa, su haɗu su zama fata mai ƙarfi da ke jure fetur da rana. Akwai gwangwanaye masu irin wannan haɗi, kuma su ne da yawa daga masu bidiyon ƙasashen waje suke amfani da su a cikin ɗaki rufaffe mai tsabta, amma mai kallo a waya ba ya lura da wannan bambancin.

Sai kuma girman aikin. Salun ɗin 504 ta kai kusan mita huɗu da rabi. Bakin gwangwani siriri ne, kuma ƙarfin feshinsa yana raguwa yayin da yake ƙarewa, don haka a faffaɗan wuri irin rufi ko murfin inji layi ɗaya yakan bushe kafin na kusa da shi ya sauka, sai a samu ratsi-ratsi. Idan aka lissafa shimfiɗar ƙasa da launi da na ƙyallin sama, kowanne hawa biyu ko uku, gwangwani mai mililita 400 yakan haura ashirin kafin a gama. Wanda ya tara kuɗin duka zai ga ba wani sauƙi ya samu ba, dama an ce araha ba ta ado. Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Lokacin da hankali ya fi karkata ga gyaran mota shi ne bayan girbi, ana shirin Kirsimeti da bikin Uhola da bukukuwan aure, wato daidai lokacin da hunturu ya cika iska da ƙura. Kowace ƙwayar ƙura da ta sauka a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Da bazara zafi yakan busar da feshin tun a iska, ya sauka da kaushi. Da damina laima takan sa shi ya yi hazo-hazo.

Duk waɗannan matsalolin ado ne, ana iya gogewa a sake. Tsatsa ita ce maganar. Motar da ta yi shekaru a ajiye a Zuru, inda ruwa ya fi na arewacin Kebbi yawa, daga ciki take ruɓewa. Ɗaga tabarmar ƙafa ka duba daɓen. Duba gindin ƙofofi, inda laka ta toshe ƙananan hujojin da ruwa ya kamata ya fita. Duba saman tayoyi, da ƙarƙashin batir inda ruwansa ke ɗiga, da ƙarƙashin robar gilashin gaba inda ruɓaɓɓen ganye ke taruwa, da ƙasan but. Wanda ya fesa launi a kan irin waɗannan wurare tamkar ya ɗaure miki ne bai wanke ba. Kuma a 504 abin ya wuce batun kyan gani, domin salun ɗinta ba ta da shasi daban da aka ɗora jiki a kai, jikin da kansa ne ke ɗauke da nauyi. Idan daɓe da dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi suka ruɓe, ƙarfin motar ne ya tafi, kuma a cikinta za a zuba iyali a hau hanyar Kontagora.

Maganin tsatsa sananne ne, wahala ce kawai da shi. A kankare har sai farin ƙarfe ya fito. Inda ya huje ko ya yi laushi a yanke, a yi waldar sabon falle. A rufe ƙarfen da shimfiɗar da ke hana tsatsa a ranar, kada ya kwana tsirara raɓa ta sauka a kai. Fila aikinta daidaita 'yar lotsawa ce, a shafa ta siririya. Wanda ya cika rami da ita ya ajiye wa motar abin da zai tsotse ruwa ya tsage. Mai son sanin abin da aka taɓa yi wa mota ya bi jikinta da maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa fila ce jibge. Daga nan sai guga da samfefa, daga mai kaushi lamba 80 zuwa 180, har a kai 320 ko 400. Wannan aikin makonni yake ci, babu abin burgewa a cikinsa da za a ɗauka a waya, shi ya sa ake tsallake shi. Amma a nan ne ake ceton mota ko a kashe ta.

Akwai ma tambayar da ya kamata a fara yi: shin motar tana buƙatar sabon fenti kuwa? Na ga Fijo da fentinta na Kaduna ya dushe ya yi fari-fari, mai ita ya ɗauka ya mutu, alhali wanki ne da man goge fenti da haƙuri suka rage ya dawo. Ko bai dawo kamar sabo ba, fentin masana'anta sau ɗaya ake samunsa a rayuwar mota. Masu tara tsofaffin motoci a Turai sukan fifita wadda ke da fentinta na asali, ko da tabo, a kan wadda aka sake wa fenti ba bisa ƙa'ida ba. Ni ma a nan nake. Ƙujewar da ke gefen ƙofar motar mahaifinka tarihin gidanku ce, ba abin kunya ba.

To ina wurin gwangwani? Wurinsa yana da yawa. Ƙarafan taya, mazaunin batir bayan an kankare, cikin but, murfin matatar iska, ƙananan ƙarafan da aka kwance aka rataye, da kowace sabuwar ƙujewa da ake so a rufe kafin ruwa ya same ta. A riƙe shi nesa da ƙarfe kamar santimita 20 zuwa 30, a yi hawa sirara ana bari suna sha iska. A irin wannan aiki gwangwani uku za su ƙara wa mota shekaru fiye da talatin da aka zazzage a kan tsatsa. Kuma don Allah a nisanta shi da madafa. Iskar da ke tura fentin mai kama wuta ce, tsakar gida kuwa wurin murhu ne da yara. Ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare tururin sinadarin, kuma gwangwanin da ya ƙare idan ya shiga bolar da ake ƙonawa fashewa yake yi.

Abin da nake so in gani shi ne a raba aikin. Kaso mai tsoka na kuɗin da mai fenti ke caja ladan kwancewa ne da kankara da guga, kuma wannan duk saurayi mai himma zai iya yinsa a gida da hannunsa, a hankali, gwargwadon aljihunsa. Kafin ya fara, ya je wurin dattijon mai bugun jikin mota, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, Baba, ga motar mahaifina, a duba mini inda ta ruɓe kafin in taɓa ta. Waɗannan dattawa a kan 504 suka koyi sana'a, sun san inda take ciwo tun kafin su ɗaga tabarma, sun san abin da za a samu a Panteka ta Kaduna da wanda sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Suna tsufa, yaran da za su gaje su kuma da yawa sun koma acaɓa. Su ma masu gareji akwai nasu gyaran: su yarda su karɓi motar da aka gama shiryawa su fesa kawai a kan kuɗin feshi, su faɗi rana su cika, su daina yi wa yaron da ya zo da tambaya dariya. Lokacin da ya fi dacewa da feshin gajere ne, tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar ƙurar hunturu, kuma da sassafe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son fita da motar a Disamba tun da damina ya kamata ya fara kankara a ƙarƙashin rumfa.

Saura launi. Gwangwani ya sa sauya launi ya zama abu mai sauƙi, har ana ganin 504 baƙa wuluk marar ƙyalli irin ta bidiyo. A tuna launin mota a rubuce yake a takardunta, kuma wanda ya sauya sai ya je ofishin lasisi an gyara, in ba haka ba zai sha tambayoyi a shingayen binciken da suka yawaita a hanyoyinmu saboda matsalar tsaro. Koren sojoji kuwa doka ta hana farar hula shafa wa motarsa tun 1977, ko da mahaifinsa da kakansa duk sun yi kaki. Wanda ya mayar da motar launinta na asali ya huta da wannan duka. Idan jikin ya dushe har ba a gane shi, a buɗe but a duba cikin murfin ko a ɗaga robar ƙofa, launin yana nan yadda ya fito daga Kakuri, kuma da shi mai haɗa fenti zai gwada.