Tsamiyar da Gatari Ke Kauce Wa

A gonakin da ke tsakanin Bakori, Kafur da Malumfashi, har yanzu akan ga tsohuwar tsamiya tsaye a tsakiyar masara, garmar shanu na zagaye ta. Mai gonar Musulmi ne, wani wurin Kirista, amma ba zai ɗora mata gatari ba. A gindin irinta Maguzawa suke yanka jan zakara ko baƙin bunsuru don Uwar Gona, suna roƙon damina mai albarka. Yankan ya ƙare a mafi yawan gidaje, amma uwa na hana yaro zuwa gindin da tsakar rana. Jiya iska ce ke zaune a can, ana lallashin ta da jini. Yau aljani ake ce masa, ana korar sa da ruƙiyya.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), Shaihu al-Maghili ya sa aka sare itaciyar tsafin birnin, aka gina hasumiya a gurbinta. Fili bai ƙare a Kano ba, gurbin ake so, domin can ne ƙafar mutane ta saba zuwa. Labarin Dirki ya fi ba ni mamaki, don shi baya ya koma. Abu ne da aka naɗe da fatu, sarakuna na yanka masa shanu idan masifa ta taso. Da Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi ya ci Kano a 1807, ya sa aka fasa shi, sai ga Alƙur'ani a ciki. Littafin da ya zo rushe tsafi, tsawon zamani ya lulluɓe shi har ya zama abin yi wa yanka. Dutsen Dala kuwa, inda aka ce boka Barbushe ke ganawa da gunkin Tsumburbura, yanzu matakala aka yi masa, 'yan makaranta na hawa su hango gari.

Wa'azi, tun na Shehu Usmanu har na Izala da aka kafa a 1978, ya sauya abin da ake yi a waɗannan wurare, amma bai shafe su ba. Abin da ke shafe su a kudancin Katsina shi ne ƙuncin gona da kasuwar gawayi. Gona ta bar hannun magada, mai saye bai san labarin itaciyar ba, inuwar da ke cin masa kunya biyar kawai yake gani. Wannan na damuna ƙwarai. Wani mai bincike, Murray Last, ya zauna cikin Maguzawan Malumfashi a farkon shekarun 1970 ya rubuta abin da ya gani da Turanci, mu kuwa da ke jin harshen tsofaffin nan ba mu cika zama da su mun tambayi wace iska ce a wace tsamiya ba, kuma kowace shekara raguwa suke yi.