Daga Ina Matsafi Ya Samo Tsafinsa? Nazari a Kan Wasan Dungeons & Dragons

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Wasa ne na ƙaga labari a baki. Mutane huɗu ko biyar sukan zauna a gefen tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda ya zama bakinsa, mutum ɗaya kuma ya zama jagora mai shimfiɗa labarin, sa'an nan a riƙa jefa ɗan lido mai fuska 20 don a san wanda ya yi nasara. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan wasa shi ne yadda ya rarrabe matsafa gida-gida, domin aiki ne da ya shafi duk mai rubuta labarin yaƙi da aljanu. Ba tallar sihiri muke yi ba, maganar ginin taurari muke yi.

A bugun farko gida biyu ne kawai masu tsafi. Na ɗaya shi ne matsafin littafi, wanda ya samu iliminsa ta hanyar karatu. An aro tsarinsa daga littafin Jack Vance mai suna The Dying Earth na 1950, inda matsafi yake haddace ɗalasimai kaɗan, da zarar ya karanta ɗaya sai ya goge daga kansa, sai ya koma ga littafi. Na biyu shi ne matsafin bauta, wanda wani abin bauta na cikin labarin yake ba shi iko gwargwadon biyayyarsa. A bugu na uku, na shekarar 2000, aka shigo da matsafin gado, wanda tsafi yake cikin jininsa. A 2004 kuma matsafin alkawari ya bayyana, wato wanda ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani ko sarkin aljanu.

A dokokin bugu na biyar, na 2014, an yi ƙoƙarin sa kowane gida ya ji nauyin asalinsa. Matsafin littafi yana farawa da ɗalasimai shida, yana kuma iya kwafo wasu daga duk takardar da ya tsinta, amma sai ya kashe awa biyu da zinariya 50 a kan kowane mataki na ɗalasimin. Ke nan rayuwarsa tana rataye da littafin nan, in wuta ta ci shi ya shiga uku. Matsafin gado yana farawa da biyu, kuma gidansa ba ya ba shi fiye da 15 ko ya kai ƙololuwa, sai dai yana iya lanƙwasa su yadda ya so, ya tsawaita ko ya ninka, domin ba koya ya yi ba, barewa ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi kuwa matsafin alkawari, daga mataki na 2 har zuwa na 10 manyan ɗalasimai biyu kacal yake iya jefawa kafin ya huta, amma hutun awa guda ya ishe shi, alhali sauran sai sun yi awa takwas kafin ƙarfinsu ya dawo cif.

To, a nan ne muke da ja. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma dokokin 2014 ba su ajiye ranar askin ba. Matsafin alkawari yana iya saɓa wa ubangidansa, ya wayi gari da ikonsa cikakke, sai fa in jagoran wasa ne ya ga dama ya hukunta shi. A bugu na uku kuwa an rubuta ƙarara cewa matsafin bauta da ya keta dokar abin bautarsa ya rasa ikonsa har sai ya tuba. Mun fahimci dalilin sassaucin, ba a son a ɓata wa ɗan wasa rai. Amma abin da ya yi wa wasa daɗi ya yi wa labari illa, domin bashin da ba za a taɓa biya ba kyauta ce. Bugu da ƙari, da matsafin gado da na alkawari duk da kwarjini ake auna ƙarfinsu, kuma ɗalasimai da yawa, kamar dunƙulen wuta, na littafi da na gado duk suna jefa shi iri ɗaya. Sai bambancin ya tsaya a tarihin tauraro, bai kai ga abin da yake aikatawa ba.

Darasin da ke nan gare mu a fili yake, don kuwa harshenmu ya riga wannan wasa yin rabon. Bahaushe bai taɓa haɗa malamin tsibbu mai kundi da maye wanda aka ce a nono ya sha ba, bai kuma haɗa su da ɗan bori mai hulɗa da iskoki ko boka mai sassaƙe-sassaƙe ba. Amma a yawancin rubuce-rubucen da sababbin marubuta suke kawowa, duk an narkar da su sun zama boka guda, mai jajayen idanu da ƙwarya a gaba, wanda yake iya komai a kowane lokaci. Wanda yake iya komai ba ya sa gaban mai karatu ya faɗi.

Saboda haka, ɗan'uwa marubuci, kafin ka sa matsafi a labarinka, tambayi kanka abu uku: daga ina ya samo, me ya biya, kuma me zai raba shi da shi? In na littafi ne, to makiyinsa ya nemi littafin. In na gado ne, mu ga yadda yake ɓoye wa dangin matarsa. In kuwa na alkawari ne, to lalle mai bashi ya ƙwanƙwasa ƙofa kafin shafin ƙarshe, kuma a ranar da ba a shirya masa ba. Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.