JF-17: Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse

Musu iri uku ne ba ya ƙarewa a majalisun dare na Kalgo da Gwandu: na ƙwallo, na siyasa, sai kuma, tun watan Mayun 2025, na Indiya da Pakistan. Wa ya fi jiragen yaƙi? Wa ya kakkaɓo na wa? Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su ke zuwa da alƙaluma a waya, dattawa kuma su zo da abin da suka ji a BBC da DW. Masu goyon bayan Indiya yawancinsu finafinai ne suka raine su, sun kalli Fighter na Hrithik Roshan har sun haddace. Masu goyon bayan Pakistan kuwa da yawa zumuncin addini ne ke jan su. Ni ba ƙasa nake yi ba, jirgi nake yi. Kuma jirgin nan shi ne JF-17 Thunder. Wallahi a duk jiragen yaƙin da ke shawagi a duniya yau, babu wanda ya kwanta mini a rai kamarsa.

Abin da ya fara kama ni shi ne asalinsa, domin jirgi ne da wulaƙanci ya haifa. A 1990 Amurka ta ɗaure Pakistan da takunkumi saboda shirinta na nukiliya, ta riƙe jiragen F-16 guda 28 waɗanda an riga an biya kuɗinsu. Ka biya kuɗinka, a hana ka kayanka, a ajiye su a hamadar Arizona! Wata ƙasar da sai ta zauna tana rubuta wasiƙun roƙo. Pakistan kuwa sai ta juya ga Chaina, suka haɗa hannu tsakanin kamfanin jiragen Chengdu da masana'antar jiragen sama ta Kamra. A watan Agustan 2003 samfurin farko ya tashi a Chengdu. Ranar 23 ga Maris, 2007, a faretin ranar ƙasa, mutanen Islamabad suka ɗaga kai suka ga nasu yana keta hazo. Zuwa 2010 an kafa masa rundunarsa ta farko. Yau a Kamra ake ƙera fiye da rabin gangar jikinsa, a nan ake harhaɗa shi, a nan ake fenta shi. Wa zai ji wannan labari bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba?

To, zo ka ga jirgin da kansa. Inji ɗaya gare shi, RD-93 na Rasha, ɗan gidan injin da ke cikin MiG-29. Gudunsa ya ninka gudun sauti sau ɗaya da rabi da 'yan kai, wato wajen kilomita 1,900 a awa. In ya saki jiki, daga Kalgo zuwa Gwandu ba zai cika minti biyu ba. Yana lulawa sama da ƙafa 50,000. A ƙarƙashin fukafukai da ciki da bakin fiffike yana da marataya bakwai na makamai, ga bindiga mai baki biyu ta milimita 23 a jikinsa. A tashi ɗaya yana iya ɗaukar makamin kakkaɓo jirgi, da bam mai bin hasken lesa, da tankin mai na ƙari. Akwai ma makamin nutsar da jirgin ruwa in aikin teku ne ya taso. Shi ya sa nake ce masa ɗan aike mai hankali: duk inda ka tura shi, ya san abin yi.

Amma abin da ya fi burge ni ba kowa ke lura da shi ba. Dubi mashaƙar iskar da ke gefen kujerar matuƙi, za ka ga wani ɗan tudu a bakinta. Wannan tudun shi ke kawar da gurɓatacciyar iskar da ke bin jikin jirgi, kada ta shiga inji. Tsofaffin jirage da faranti da ƙarafa masu motsi suke wannan aiki, su ƙara nauyi, su ƙara wahalar gyara. Nan kuwa tudu ɗaya ya gama magana. Irin wannan dabara ce ke jikin F-35 na Amurka, jirgin da kuɗinsa ke sa ministan kuɗi zazzaɓi. Allah ya yi wa injiniyoyin nan basira! Ciki kuma babu tarkacen agogo da allurai irin na da, allunan kwamfuta uku ne a gaban matuƙi, hannunsa a kan sanda da maƙurar gudu, komai na ƙarƙashin yatsunsa. Wanda bai ga wasan da ya yi a baje kolin jiragen sama na Paris a 2015 ba, ya nema a YouTube ya kalla. Yadda ya bar ƙasa ya miƙe tsaye, ya yi alkafura, ya dawo ya kwanta a kan fiffike ɗaya, ni kam ban taɓa ƙoshi da kallonsa ba.

A nan ne masu goyon bayan Indiya ke tsalle. Wani dattijo a Gwandu yakan ce wa samari, "Ku 'yan nan, wanga musu naku na banza na. Mai mutane dubu ba ya gwada ƙarhi da mai ɗari." Kuma Baba yana da hujja. Indiya mutum biliyan 1.4 gare ta, Pakistan miliyan 240 da ɗoriya. Kuɗin da Indiya ta kashe wa tsaro a 2024 ya haura dala biliyan 80, na Pakistan bai wuce biliyan 10 da 'yan kai ba. Indiya na da Su-30MKI sama da 250, dodanni masu inji biyu. Ta sayi Rafale 36 daga Faransa, ta girke garkuwar S-400 ta Rasha, ga makami mai linzami BrahMos. A yaƙin 1971 ta yi wa Pakistan kaye, har aka haifi Bangladesh. Mu ma nan ba za mu manta alherinta ba, don hafsoshinta ne suka taimaka aka kafa makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Kaduna a 1964, kuma marigayi Muhammadu Buhari a kwalejin hafsoshi ta Wellington da ke can ya yi kwas a 1973.

Duk na yarda. Sai dai mutumin Gwandu ne zai ce yawa shi ke yanke hukuncin yaƙi? A 1805, bayan ɓarnar da aka yi wa jama'ar Shehu a Alwasa, taron dangin Gobirawa da Kabawa da Azbinawa ya biyo su har Gwandu, garin da ko ganuwa ba shi da ita a lokacin. A nan 'yan kaɗan suka tsaya, a nan rundunar mai yawa ta watse. Tsari da sanin fili da haɗin kai sukan cinye lissafi.

Haka aka gani ranar 27 ga Fabrairun 2019. Kwana ɗaya bayan jiragen Indiya sun kai hari Balakot don ramuwar kisan jami'anta 40 a Pulwama, Pakistan ta mayar da martani da rana tsaka, kuma JF-17 na cikin ayarin. Aka harbo MiG-21 na Indiya, aka kama matuƙinsa Abhinandan Varthaman, aka ba shi shayi a gaban kyamara, aka mayar da shi gida ta iyakar Wagah ranar 1 ga Maris. Indiya ta ce shi ma ya kayar da F-16 kafin ya faɗo, Pakistan ta ce ba a yi haka ba. A Mayun 2025 kuma, bayan kisan mutum 26 a Pahalgam, aka yi kwana huɗu ana ɓarin wuta, daga 7 zuwa 10 ga wata. Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya har da Rafale, kuma jirginta J-10C ta jingina wa wannan aiki. Babban hafsan tsaron Indiya, Janar Anil Chauhan, ya amsa cewa sun yi asarar jirage, amma bai faɗi adadi ba. Ita ma Indiya ta dirka makamai a sansanonin saman Pakistan, har da Nur Khan da ke Rawalpindi. Da Pakistan ta ce JF-17 ya tarwatsa S-400 a Adampur, sai Narendra Modi ya je can ya tsaya gaban na'urar aka ɗauke shi hoto. Kowa da nasa labarin, kuma a yaƙi kowa gwanin ƙawata labari ne. Abin da ba mai musu a kai shi ne wannan: ƙasar da kasafin tsaronta bai kai kashi ɗaya cikin takwas na abokiyar gabarta ba ta tsaya ƙafa da ƙafa a sama, kuma jirgin da ya fi yawa a hannunta, wanda ke ɗauke da nauyin aikin yau da kullum, shi ne gwanina.

Gwada shi da takwaransa na Indiya mana. Tun 1983 aka fara shirin Tejas, bai tashi ba sai 2001, bai shiga aiki ba sai 2016. Jirgi ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma lokacin da yake ta rarrafe, JF-17 ya riga ya yi aiki a kan 'yan ta'adda a tsaunukan Waziristan, ya samu mai saye a Myanmar, ya kama hanyar Afirka.

Ga inda zancen ya zama namu. A watan Mayun 2021, a Makurɗi, wajen bikin cikar Rundunar Sojin Saman Najeriya shekara 57, aka shigar da JF-17 guda uku cikin aiki, da tutarmu a jikinsu. Ranar da na ga hotunan, ji na yi kamar ni aka yi wa kyauta. Rundunar da ta daɗe tana lallaɓa tsofaffin Alpha Jet na shekarun 1980 da F-7 'yan Chaina, yau ga ta da jirgin zamani mai ganin nesa, ɗauke da na'urar saiti ta kamfanin Aselsan na Turkiyya mai hango abin da ke ƙasa dare da rana. An ruwaito cewa cinikin ukun, da kayan aikinsu, ya kama wajen dala miliyan 184. Indiya kuwa kusan yuro biliyan 8 ta biya kan Rafale 36, wato kowane ɗaya ya haura yuro miliyan 200. Kenan ukun namu ba su kai kuɗin nasu ɗaya ba. Kafin nan ma Pakistan ta sayar mana da Super Mushshak guda 10 na koyon tuƙi.

Kuma mu mun san zafin abin da aka yi wa Pakistan a 1990, don an yi mana irinsa. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu na Cobra daga Isra'ila. Super Tucano 12 da ke Kainji, nan maƙwabtanmu a Jihar Neja, sai da aka yi shekaru ana jan rai kafin su iso a 2021, kuma da sharuɗɗa suka zo. A 2021 ɗin ne aka kwashe ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri, a watan Yuni. Wata ɗaya bayan haka 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara, Allah ya kuɓutar da matuƙinsa Abayomi Dairo. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka afka wa Mera a ƙaramar hukumar Augie. Mutumin Kebbi ba daga fim yake jin labarin amfanin jirgin yaƙi ba. Daga Makurɗi zuwa sararin Birnin Kebbi, JF-17 ba zai ci awa ɗaya ba, ko bai matsa wa injinsa ba.

Aibinsa? Injinsa kan yi hayaƙi, kuma kasancewarsa ɗaya tilo, in ya tsaya a sama sai lema. Bai kai Su-30 ɗaukar kaya ko nisan zango ba. Farautar 'yan babur a daji kuma aikin Tucano da jirage marasa matuƙi ne fiye da nasa, kuma kowane jirgi, in bayanan sirrin da aka ba shi gurgu ne, talakan da bai ji ba bai gani ba zai hallaka. Mun ga irin wannan a Arewa, kuma babu son jirgin da zai sa in kau da kai. Amma babban aibinsa a wurinmu ba laifinsa ba ne: guda uku kacal muka saya. In ɗaya na gyara, ɗaya na horo, saura nawa? Alhali a Kamra har an wuce zuwa zubi na uku, mai sabuwar na'urar hango jirage da makamin PL-15 mai cin dogon zango, har Azarbaijan ta shiga layin masu saye.

Shi ya sa nake ce wa 'yan majalisa, ku bar kashe murya kan wa ya fi tsakanin Delhi da Islamabad. Ƙasashe ne biyu masu nukiliya tun gwajin 1998, kuma fatanmu kada Allah ya sake haɗa su. Tambayar da ta shafe mu ita ce, yaya aka yi Kamra ta zama Kamra? A shekarun 1970 wurin gyaran tsofaffin jiragen F-6 ne kawai. Daga gyara aka koyi ƙera kayan gyara, daga nan ƙaramin jirgin koyo, daga nan jirgin yaƙi. Mu ma muna da masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, an taɓa harhaɗa ƙaramin jirgin Air Beetle a Kaduna, an ƙaddamar da jirgin Tsaigumi marar matuƙi a 2018. Masarautar da Sarkinta, Mai Martaba Muhammadu Iliyasu Bashar, Manjo Janar ne mai ritaya, ba za ta rasa yaran da za su iya wannan fage ba.

Hukuncina a taƙaice: goma bisa goma, kuma da ana ƙari da na ƙara. A cika mana runduna guda ta JF-17, a haɗa da yarjejeniyar koya wa injiniyoyinmu gyaransa tun daga inji har fiffike, a tura 'ya'yanmu Kamra su ga yadda ake yi. Masu Rafale su riƙe Rafale ɗinsu, Allah ya sanya alheri. Ni dai na ga jirgin da ya dace da aljihunmu, da yanayinmu, da irin wulaƙancin da muka sha a kasuwar makamai, kuma duk majalisar da aka tayar da zancen, a shirye nake in kare shi har mai shayi ya kwashe tebur.